Allura a Kan Benci

Alƙalin wasa ya busa tashi, Allura bai taɓa ƙwallo ba. Tela ya saki wayar shingen da ya damƙe tun da aka take wasa, ya ga ta yi masa shaida a tafin hannu. Muryarsa ta dishe. Duk da yaron na benci, sai da ya yi ta ƙwala masa kira: ya gyara zama, ya kalli fili, ya daina surutu da na kusa da shi.

Allura ɗansa ne, shekararsa goma sha biyar, ɗan wasan tsakiya a makarantar horar da yara ta babban kulob ɗin garin. Ba don sana'ar ubansa aka laƙaba masa sunan ba. Yaro ne mai zura ƙwallo ta kafar da babu wanda ya lura da ita. Tela ne ya koya masa, don shi ma tsakiya ya buga a zamaninsa, kafin gwiwa ta zaunar da shi a gaban keken ɗinki.

Ranar da aka fara sa yaron a wasa, Tela ya rufe shago ya tsaya daf da layi. "Juya! Ba shi! Ɗago kanka mana! Haka na koya maka?" Ranar Allura bai yi abin kirki ba, ƙwallo sai zame masa take yi kamar an shafa mata mai. Tela ya ɗora laifin a kan koci, da ya tura yaron can baya kusa da masu tsaron gida.

Tun daga nan, duk Asabar benci.

Da ya yi ƙorafi, sai aka ce masa ai manyan kulob ba sa gaggawa da ƙananan 'yan tsakiya, ana bin su a hankali ne don kada a ƙona su tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Tela ya koma shago yana huci. Duk wanda ya kawo ɗinki a makon nan sai da ya sha bayani, awo a wuya, almakashi a hannu. Ɗan tsakiya, in ji shi, a cikin turmutsutsu yake koyon gani. In ba a take shi ba, ba a ƙwace masa ƙwallo ba, yaushe zai san inda zai tsaya?

A tsakiyar mako ƙungiyar kan yi tafiya wasannin waje, lokacin da aiki ba ya barin Tela ya motsa. Allura ya dawo da safa kore shar da ciyawa, ƙwauri a kumbure, ya share kwano ya nemi ƙari.

"Ka buga?"

"Mun dai je mun dawo, Baba."

Tela ya yi tsaki. Wato sun mai da masa ɗa abin gwajin takalmi, manya su yi ta dukansa a atisaye, in wasa ya zo a ajiye shi gefe.

Uwar yaron tana wanke safar, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban yara, da ka huta Asabar ɗin nan. Ga ɗinkin mutane ya taru."

"Koci ya yar da shi, ni ma in yar da shi? Wa zai tsaya masa?"

Ta ci gaba da wankinta.

Abin da ya fi ci masa rai, yaron ko a jikinsa. Yana tashi da wuri, yana goge takalmansa yana 'yar waƙa. Wata Asabar ma Tela ya hango shi a benci yana dariya. A hanyar gida ya wanke shi tas, ya ce wanda aka danne yana washe baki ba zai taɓa zama komai ba. Allura ya sunkuyar da kai har suka isa.

Da wani ƙaramin kulob ya yi alkawarin sa yaron a kowane wasa, Tela bai yi shawara da kowa ba. Ya sa rigarsa mai kyau ya nufi ofishin koci, wani ɗaki mai warin man zafi, ƙwallaye jibge a raga bayan ƙofa. Bai zauna ba.

"Na zo in ɗauke ɗana. Kun ɓata masa shekara."

Koci ya ajiye usur ɗinsa a tebur. "Malam, zauna. Da ma ina neman ka. Mai horar da babbar ƙungiya yana son Allura ya fara atisaye da manya. Kaɗan-kaɗan za a riƙa sa shi, ba za mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba."

Tela ya yi dariyar takaici. "A ina ya gan shi? A benci?"

"A wasannin waje. Babu wasan da bai buga daga farko har tashi ba. A bana ba mu da ɗan tsakiya kamarsa."

Tela ya laluba kujera ya zauna.

"To na gida fa? Nan da nake zuwa, a gaban idona, me ya sa kake wulaƙanta shi?"

Koci ya tashi ya tura ƙofa ya rufe. Ya daɗe yana murza goshi kafin ya dubi Tela.

"Na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, amma ba zan bari ka cire shi a kan wannan ba. Bayan wasansa na farko ya same ni a nan yana hawaye, ya roƙe ni, duk ranar da na hango ka a bakin shinge, in yi wa Allah in bar shi a benci."