Makin Ƙarshe a Kan Ciyawa

"Waje," in ji alƙalin wasan tanis, da ƙwallon da abokiyar karawata Bryony ta bugo ta sauka. Da wannan makin na ci wasan ke nan, sai gasar Landan mako mai zuwa.

Na ɗaga hannu. "Yallaɓai, ƙwallon ta taɓa layi. Makin Bryony ne."

'Yan kallo suka miƙe suna tafi. Babana, wanda ya damƙa mini raket na buga ƙwallon tun ina shekara huɗu kuma bai taɓa bari na ajiye ba, har da share hawaye. Ni ban ji komai a raina ba. Bayan minti ashirin Bryony ta cinye ni.

Muka haɗu a raga don gaisawa, ta riƙe hannuna gam.

"Imogen, idan ƙwallo ta taɓa layi a ciyawa, farar hoda tana tashi. Ba abin da ya tashi."

"Na sani."

"To me ya kai ki?"

"Na gaji ne. Gida nake so."

Ta waiga wajen uwarta, wadda ke tsalle tana kaɗa tuta. Ta yi wa masu hoto murmushi, sannan ta raɗa mini:

"Muguwa. Ai da gangan na buga ta waje."