Rediyon Gwaji

A shagonsa na gyaran rediyo a kasuwar Terminus, Oga Babajide ya tura wa Datong, mai neman aiki, kayan cikin wani rediyo, ba murfi.

"Nemo matsalar. In ka gano, na ɗauke ka aiki."

Datong ya ɗora mita, ya duba dalmar, ya yi tsaki.

"Oga, kafasita aka saka a juye. Wanda ya taɓa wannan, ko tocila bai kamata a ba shi ba."

"Ka gano."

Babajide ya ciro murfin. Mariƙinsa ɗaure yake da tsumman atamfa shuɗi. Datong ya san tsumman. Ya sunkuyar da kai.

"Wata mama ce ta kawo daga unguwar Laranto," in ji Oga. "Wai ɗanta ne ya gyara mata, ba ta so ya ji kunya."