Jingar Gonar Alhaji

Da hantsi masunta suka tsamo gawar 'yar wani ɗan ƙwadago daga cikin ciyawar kacalla, ƙasa da garin Rimawa. Shekararta shida. Ambaliya ce ta rushe ɗakin da take kwana, ta tafi da ita.

Ranar uku Alhajin da uban yarinyar yake yi wa ƙwadago ya zo gaisuwa da buhun shinkafa. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Kowa da abin da Allah Ya rubuto mai. Ruwa bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba."

Uban ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka na, ranka shi daɗe."

Da mutane suka watse, matarsa ta fito daga rumfar da suka fake. "Malam, tun da anka kawo ni gidan ga, in ruwa ya cika ta fadama shika wucewa. Mi ya juyo da shi bana?"

Bai iya dubanta ba. Farkon damina shi da abokan ƙwadagonsa ne suka jera buhunan yashi, suka tada jinga kewaye da gonar Alhaji, har yana murnar samun aiki. Shinkafa ta tsira. Ruwa ya rasa hanya, ya bi ta unguwarsu.

Washegari aka aiko cewa jingar ta tsage, ana neman masu gyara. Ya dubi sauran 'ya'yansa biyu, ya dubi rumbunsa da ya narke, ya ɗauki shebur ya fita.