Kafaɗar Kyauta

"Don Allah ku faɗa mini gaskiya, 'yata za ta miƙe?" Lado, mahaifin Kyauta, ya tambayi likitocin.

Tun lokacin da aka fito da kuɗin naira suke zarya daga Agege zuwa asibiti. Ranar da uwar Kyauta ta kawo ta, likitar gashin ƙashi ta ce tsayuwarta lafiya lau. Yau da Lado ya kawo ta, wasu likitoci biyu sun ce kafaɗarta ta karkace, sai an sa mata ƙarfe. Gardama ta kaure tsakaninsu da likitar farko.

"Oga, ɗan ba mu wuri," likitar farkon ta ce wa Lado.

Yana fita, yarinyar ta miƙe samɓal. Aka tambaye ta dalili.

"Tsayuwar Baba nake yi, kada a riƙa yi masa dariya shi kaɗai."

A bayan ƙofa, Lado ya dafa kafaɗarsa da dakon nama a mahauta ya karkatar.