Furfurar Ladidi a Bangon Mujalla

Tun da aka fito da bangon mujallar fim mai nuna wa kowa fuskar da ransa ke so, Malam Tanimu tela bai taɓa fashin saye ba. Su matasa, jaruman fim suke gani a bangon. Shi kuwa marigayiya matarsa Ladidi, da wushiryarta, ƙarƙashin jajayen haruffa.

Ran Asabar ya tsaya wurin Sallau mai jarida.

"Baba, yau ma ita ce?" in ji Sallau.

"Ita ce mana." Tanimu ya matso da mujallar kusa da ido. "Kai! Har furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali."

"Ba da ƙuruciya ta rasu ba?"

"Da ƙuruciya." Ya rungume mujallar yana murmushi. "Ai ba ta bari in tsufa ni kaɗai."