Tawadar da Ba Ta Kai La'asar

Shekara tara ke nan da ƙasar ta shiga Gamayyar Ƙasashe. Tun daga lokacin, duk abin da jama'a suka zaɓa sai an ɗora shi a ma'aunin Gamayya kafin a san makomarsa.

Da hantsi Inna Barmani, tsohuwar ungozomar garin, ta dogara sandarta zuwa rumfar zaɓe. Tambayar dai ita ce ta bara da bara waccan: a sake buɗe ɗakin haihuwa, ko a bar shi a kulle? Tun da aka garƙame shi, mata huɗu sun cika a hanyar birni. Ta ƙarshensu 'yarta ce, Ladidi.

Ta dangwala a kan "eh", ta danna har takardar ta kusa hujewa.

"A hankali, Inna," in ji Talle malamin zaɓe, wanda a hannunta aka haife shi. "Ƙarfin dangwale ba ya ƙara wa ƙuri'a nauyi."

"To me ke ƙara mata, ɗan nan?"

Ya miƙa wa na bayanta takarda.

Bayan azahar aka sanar ta lasifika: gari duka ya ce eh, amma Gamayya ta ce kasafin ƙasa ba zai ɗauka ba. Ana godiya ga jama'a.

A da, tawadar zaɓe mako guda take yi a yatsa, mutum yana nuna ta da alfahari. Inna ta zauna alwalar la'asar, ta zuba ruwa sau ɗaya, ta dubi babban yatsanta. Fes, kamar ba a taɓa tambayarta komai ba.