Wasan Juma'a a Gidan Fayik

Mirbat ta shigo jiƙe sharkaf, ta tarar da abin da likita ya hana ƙiri-ƙiri. Mahaifinta Fayik na zaune gaban talabijin da koren gyalen ƙungiyarsa a wuya, ana buga wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallo. Karnukansa biyu, Bunduk da Fulla, suna kwance a ƙafafunsa.

Wata huɗu ke nan da yi masa aikin zuciya, kuma a gabanta likita ya ce tashin hankali ɗaya ya isa ya tafi da shi. To a kaf Iskandariyya babu wanda ƙwallo ke birkita wa kai kamar Fayik, mutumin da ya taɓa fasa farantin kifi saboda bugun kusurwa.

Ta sumbaci goshinsa. Ya tambaye ta yaushe ta iso daga Alƙahira, ta ce yanzun nan. Idonsa bai bar allon ba. An ci ƙungiyarsa ɗaya, saura minti ashirin.

Ta leƙa ta taga. Ruwan hunturu ya mayar da titi kogi, in wani abu ya faru babu motar asibitin da za ta iya shigowa. Gidan shayin da ke ƙasa, wanda ihunsa kan hana unguwa sakat duk ranar wasa, ya yi tsit. Ta ce a ranta ruwa ne ya kori mutane. Hoton talabijin ɗin ma dishi-dishi yake, shi ma ta ɗora wa ruwan laifi.

Uwarta ce ta fi ƙona mata rai. Madam Ibon na gefe tana tsince shinkafa a tire, ko a jikinta, sai ka ce ba mijinta ne ke huci ba. Mirbat ta raɗa mata a kashe talabijin ɗin. Uwar ta ce a ƙyale shi, in an hana shi ƙwallo abinci ma ba ya ci. Ta miƙa hannu ta gyara ƙyallen da ya rufe wani ɗan akwati a ƙarƙashin talabijin.

Fayik ya dafe ƙirji yana zagin alƙalin wasa har da kakanninsa. Mirbat ta ɗauko ƙwayar da ake sa masa ƙarƙashin harshe, ta riƙe. Ya juyo ya sake tambayarta yaushe ta iso.

Sai karnukan suka miƙe tare, suka zauna gabansa suna kaɗa wutsiya, idonsu a kan kwanon biskit. Ba a yi minti ɗaya ba ƙwallo ta shiga raga. Fayik ya yi kuwwa, ya jefa musu ɗaya-ɗaya, suka koma suka kwanta.

Saura minti biyu a tashi, suka sake miƙewa. Alƙali ya ba ƙungiyar Fayik bugun daga kai sai mai tsaron gida. Fayik ya tashi tsaye, leɓunansa sun yi fari, numfashinsa na sarƙewa. Mirbat ta rufe ido tana addu'a, ita kam ba ƙwallon take roƙa ba.

Ƙwallo ta shiga. Biyu da ɗaya. Tsohon ya faɗa kujera yana hawaye, yana faɗa wa matarsa cewa yau dai ya ga kofin nan da idonsa.

Mirbat ta bi uwarta kicin, a nan ta fashe.

"Mama, kashe shi kike son yi? Da an ɓarar fa?"

"Ba a taɓa ɓararwa ba." Ibon ta ci gaba da wanke shinkafarta, ba ta ɗago ba. "Kaset ne, 'yata, wasan shekara ashirin da biyar baya. Tun da mantuwa ta kama shi nake sa masa kowace Juma'a, na kasa faɗa miki ta waya. Karnuka ma sun haddace. Shi kaɗai ne a gidan nan bai san yadda zai ƙare ba."